Tukunya Biyu a Bikin Rifkatu

Tun da na dawo daga ƙasar Jos ban huta da tambaya ba. In na zauna a rumfata a tambaye ni, in na fito masallaci a tambaye ni, har wanzamina sai da ya tsayar da aska a tsakiyar kaina ya ce in gaya masa gaskiyar abin da aka yi mini a can. Na ba da labarin har bakina ya gaji, amma duk lokacin da ya zagayo ya dawo kunnena sai in tarar an yi masa ƙari. A Ƙofar Marke cewa ake yi korata aka yi. Kafin labarin ya kai Dundaye har an ce da ƙyar na tsira da raina. Shi ya sa na ga gara in zauna in rubuta shi da ɗan bokon da na samu a ajin yaƙi da jahilci, kowa ya karanta, a bar ni in sayar da namana.

Sunana Sani, mahauci ne ni ɗan mahauci, a nan Sakkwato. Wanda ya ja ni tafiyar kuwa Malam Bulus ne, malamin makarantar sakandare, Kirista, mutumin wani ƙauye a bayan Jos, yana haya a Gidan Dahala. Shekarar da aka turo shi garin nan, ana gobe Kirsimati, ya zo rumfata yana neman wanda zai yanka masa akuya. Na ɗauka jini yake tsoro, har na yi masa tsiya. Ya ce a'a, so yake maƙwabtansa Musulmi su iya cin abincin gidansa, kuma ya san ba za su ci yankansa ba. Tun daga ranar, ko Kirsimati ne, ko Ista, ko an yi musu haihuwa, ni ake kira. Shi zai durƙusa ya riƙe ƙafafun dabbar, ni in fuskantar da ita alƙibla in yi bismillah in yanka. Matarsa ta dafa shinkafa a rarraba wa unguwa, kwanon gidana shi ne na farko. Ni ma da layya cinya guda tasu ce, ba a ma tambaya.

'Yarsa ta fari, Rifkatu, a hannun matana ta girma, tare da 'ya'yana suka yi wasan ƙasa, Baba Sani take kirana. Da aurenta ya tashi aka ce a ƙauyensu za a yi, gaban kakanta. Malam Bulus ya sayi sa, ya zo ya ce ni zan je in yanka, domin yayarsa Asabe Musulma ce, da ita da 'ya'yanta, ga kuma Fulanin da ke zaune kusa da su. Na ce masa duk faɗin ƙasar Jos an rasa Musulmi mai wuƙa? Ya yi dariya ya ce akwai su birjik, amma amarya ta rantse naman bikinta sai hannun Baba Sani. Kaina ya yi girma ranar, ba zan ɓoye ba.

Sai dai lokacin bai yi mana daɗi ba. Soja sun ce za su mayar da mulki hannun farar hula, an tara wakilai a Ikko suna rubuta tsarin mulkin da za a bi. Da fari ba mu damu ba, mun ɗauka zancen 'yan boko ne. Sai aka zo kan magana guda: ko za a kafa babbar kotun shari'ar Musulunci ta ƙasa baki ɗaya, wadda za a riƙa ɗaukaka ƙarar aure da gado na Musulmi zuwa gare ta, ko ba za a kafa ba. Nan fa gari ya ɗauka. Kuɗin mai ya sa kowa ya sayi rediyo, kowa kuma ya zama lauya. Mutumin da bai taɓa ganin takardar da ido ba sai ka ji yana kawo maka sashe kaza da sashe kaza. Ni kaina ina son a kafa kotun, har gobe ina so. Rabon gidan mahaifinmu gaban alƙali aka yi shi, kuma ban ga dalilin da zai sa in ƙara ta yi sama ta faɗa hannun wanda bai san tumunin takaba ba. Amma ni da Malam Bulus ba mu taɓa tayar da zancen ba. In rediyo ya fara, ɗayanmu zai tuna da wani aiki.

Abokina Alhaji Garba, dillalin shanu, shi ya fi kowa hana ni tafiyar. Ya same ni ina wasa wuƙaƙe ya ce, “Wanga lokaci za ka tahi ƙasassu? Ba ka ji abin da wakilansu sunka hwaɗi a Ikko ba?” Na ce masa ba Ikko za ni ba, biki za ni. Ya girgiza kai ya ce in na dawo zan ba da labari. To, ga shi ina bayarwa, ko da yake ba irin wanda yake so ba.

Mun tashi da sassafe cikin zafin bazara, ni da Malam Bulus kaɗai, don iyalinsa sun riga sun yi gaba. Motarsa 'yar ƙarama ce mai kama da kunkuru, injinta a baya, da bashin gwamnati ya saye ta, kuma yana lallaɓa ta kamar amarya. Manyan motocin siminti suka yi ta wuce mu suna hura mana ƙaho. Daga Talata Mafara zuwa Gusau ban ƙirga sababbin motocin da na gani kife a gefen titi ba, wasu ko ledar kujerunsu ba a cire ba. Na ce masa arziki ya zo wa mutane kafin su koyi birki. Ya ce shi ya sa yake tafiya a hankali, na ce a'a, shi nasa ya wuce hankali, jaki zai iya cim mana.

Bayan mun wuce Tsafe, a iyakar jiharmu da ta Kaduna, muka tarar da shingen soja. Wani kofur ya sa aka buɗe gaban motar, inda ake zuba kaya, ya warware buhuna, sai ga wuƙaƙe a jere suna ƙyalli da dutsen wasa su. Fuskarsa ta canza, ya ce in fito in tsuguna. Ni da ko ɗan doka bai taɓa riƙe rigata ba, ga ni tsugune a bakin titi, rana tana dukan ƙeyata. Malam Bulus ya fito da sauri ya ce, “Ɗan'uwana ne, yanka zai yi mini a bikin 'yata.” Kofur ya dubi littafin addininsu da ke ajiye gaban gilashi, ya dubi carbin da ke wuyana, sai ya fashe da dariya. Ashe shi ma mutumin wajen su Malam Bulus ne, ya ce a garinsu ma haka ake yi. Ya sallame mu bisa sharaɗin in za mu dawo mu taho masa da soye. Na shiga mota ina karkaɗe riga ina ƙunƙuni, amma kalmar nan ta ɗan'uwa ta yi mini daɗi har cikin raina.

A Zariya muka kwana, gidan wani Alhaji mai fataucin shanu wanda mahaifinsa da nawa suka yi hulɗa. Ya karɓe mu hannu bibbiyu, aka kawo tuwon masara da miyar kuka da man shanu. Mu mutanen Sakkwato mun saba da tuwon shinkafa, amma yunwa ba ta bar ni na yi tsegumi ba. Muna cikin ci a zaure tare da yaran gidan da wasu maƙwabta, sai rediyo ya ce maganar kotun ta faɗi a Ikko, kuma wakilan da ke son ta sun tashi sun fice daga zauren taron. Wuri ya kaure. Wani ya ce sun yi daidai, wani ya ce ai dama ba ƙasa ɗaya ba ce, wani tsoho da bai san wane ne baƙon ba ya saki wata kalma a kan mutanen su Malam Bulus wadda ba zan rubuta ba. Maigidan ya yi gyaran murya ya ce a ƙaro miya. Na saci kallon abokin tafiyata, na ga ya cire hannu daga kwano yana wankewa a hankali, ya ce ya ƙoshi, Allah ya ƙara arziki. Na san cinsa, ko rabi bai yi ba.

Da safe muka biya jami'a muka ɗauki Yohanna, ɗan ƙanensa, ɗalibi mai karatun lauya. Saurayi ne dogo, da sumar nan tasu ta zamani da wando mai faɗin ƙafa, ga jaridu cike da hammata. Ya gaishe ni da ladabi, ban ga laifinsa ba. Amma ko Pambeguwa ba mu kai ba ya fara karanta mana jarida daga kujerar baya, yana fassarawa yana ƙara gishiri. Ya ce ƙasa ɗaya doka ɗaya, ya ce in aka sa addini guda cikin tsarin mulki to sauran sun zama 'yan haya a gidan ubansu. Na yi niyyar yin shiru, wallahi na yi niyya, amma ni ba a gina ni da haƙurin sauraron yaro yana yi mini wa'azi ba. Na ce masa kotun nan ta Musulmi ce a kan auren Musulmi da gadon Musulmi, ina ruwansa? Ya ce da haka ake farawa. Na ce ƙasa ɗaya doka ɗaya, to dokar wa, ba ta Bature ba ce, wadda ta fito daga cocinsu? Ya ce ba haka ba ne. Muka yi ta yi, shi da sashe kaza, ni da abin da na ji a majalisa. Malam Bulus ya riƙe sitiyari da hannu biyu, idonsa na kan titi.

Can sai wata hujja ta faɗo mini, na ji kamar na tsinci zinariya. Na juya na ce masa, “Shekara nawa gidan baffanka suna cin yankana bisa shari'ata? Ta musuluntar da su? Ta rage musu wani abu? To haka kotun take.”

Yohanna ya ninke jaridarsa ya ce, “Na gode, Baba, ka faɗi abin da na kasa faɗi. Kullum mu ne muke durƙusawa mu riƙe ƙafa, ku ke riƙe da wuƙa. In ni na yanka, za ka ci?”

Na san akwai malaman da ke cewa yankan ma'abota littafi ya halatta, amma mu ba haka muka tashi ba, kuma ban iya yi masa ƙarya ba. Na ce ba zan ci ba. Ya ce to. Da haka muka yi ta tafiya har muka fara hawan duwatsun Jos, injin motar na nishi a bayanmu. A lokacin ina ganin kunnen doki muka yi, har ina shirya abin da zan ce masa in ya sake tayarwa.

Ƙasarsu ta ba ni mamaki. Na baro Sakkwato ana kwana a waje saboda zafi, na iske su har an yi ruwan fari, da yamma sai da aka ara mini bargo na yafa. Gidajensu ƙanana ne a curkushe tsakanin duwatsu, ba katanga, sai shingen ƙyarana, wani tsiro mai ƙaya. Mata na riƙe da fartanya kafaɗa da kafaɗa da maza a gona, kuma mace za ta tsaya ta gaishe ka ido cikin ido. Gaisuwarsu gajera ce. Ni da na saba sai na tambayi gida da gajiya da iyali da rana da kasuwa, kafin in kai rabi mutum ya amsa ya wuce abinsa, ya bar ni da sauran gaisuwata a baki. An kawo mini gwaten acca da ganye, na ɗauka kunu ne na nemi ludayi in sha kafin abinci ya zo, ashe shi ne abincin. Rifkatu ta yi ta dariya har da riƙe ciki. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne matan cocinsu da suka zo gwajin waƙar biki, suna buga tukwane suna rerawa da Hausa tsantsa, suna kiran Allah, suna kiran Ubangiji. Ban taɓa tsayawa na saurara ba sai ranar.

An sauke ni a ɗakin da ke kusa da na mahaifin Malam Bulus, tsoho tukuf mai 'yar Hausa kaɗan. Asabe, yayar Malam Bulus, ita ta kawo mini buta da tabarma ta nuna mini gabas. Dattijuwa ce mai fara'a, ta auri wani Musulmi ma'aikacin haƙar kuza tun tana budurwa, ta bi addininsa. Ita ta ba ni labarin tsohon. Ta ce zamanin En'e shanun wani mai hali sun cinye masa gona, aka kai magana gaban alƙali a garin hakimi, aka ce rantsuwarsa ba ta karɓuwa tunda ba ya salla, ya dawo gida ba gona ba diyya. Har yau in ya ji kalmar alƙali sai ya tofar da yawu. Amma kuma shi ɗin ne, ranar da ta fara zuwa ganin gida bayan ta musulunta ta ƙi taɓa nama, ya sa doka cewa ba za a sake yanka ko kaza a gidansa ba sai da hannun da 'yarsa za ta iya ci. Ashe abin da Malam Bulus ya zo da shi rumfata daga nan ya ɗauko shi. Na ga san bikin ɗaure a gindin wani mangwaro, fari, mai tozo, na shafa bayansa na yaba. Na ga kuma samari sun kewaye Yohanna a bakin shinge, da na matso suka yi shiru.

Washegari ranar biki na idar da sallar asuba, na zauna ina wasa wuƙa ina jiran gari ya ɗan waye. Da na fito na nufi gindin mangwaro, sai na tarar igiya kawai. Na bi hayaniya zuwa bayan gida, na iske an riga an kayar da san, an yanka, samari sun fara fiɗa, suna ɓata fatar da ƙananan wuƙaƙensu. Yohanna na tsaye hannunsa duk jini. Bai yi mini rashin kunya ba, ya ce, “Baba, bana mun hutar da kai.” Wani daga bayansa ya ce tunda mutanenmu sun iya ficewa daga taro, sai su fice daga cin nama ma.

Raina ya ɓaci irin ɓacin da ban taɓa ji ba. Tun daga Sakkwato na ɗauko wuƙa, na tsuguna wa soja a titi, don a tsayar da ni gaban yara kamar wanda ya zo roƙo? Na koma ɗaki na naɗe wuƙaƙena, na ɗaure buhu, na ce ko a ƙafa ne sai na kai bakin titi. Ina fitowa na yi karo da Malam Bulus. Idanunsa sun yi ja, ya ce bai sani ba, yana coci wajen shirye-shirye aka yi. Na ce masa ya sani ko bai sani ba, ai ya ji abin da yaron ya faɗa a mota bai tsawata masa ba. Sai ya dube ni, ya yi maganar da har yanzu take yi mini yawo a kai.

“Malam Sani, ni ma ina tsoron kotun nan, ban taɓa gaya maka ba ne. Amma ban taɓa kiranka yanka don wata doka ba. Don in ga 'ya'yanka suna cin abinci a gidana nake kiranka. Jiya a mota ka ɗauki abin nan ka mayar da shi hujja. Da kai da Yohanna, ku biyu kuka yanka san nan.”

 Na ajiye buhun a ƙasa.

Muna tsaye sai ga tsohon ya fito yana dogara sanda, an riga an kai masa labari. Ya sa aka kira samarin, ya yi musu faɗa da yarensu, ban ji ko kalma ba, amma na ga kawunansu sun sunkuya, ban da Yohanna da ya tsaya kai tsaye yana amsawa a hankali. Asabe tana gefe, ta ja mayafi ta rufe rabin fuskarta, jikokinta na riƙe da zanenta suna kallon naman. Tsohon ya juyo gare ni, ya haɗa 'yar Hausarsa ya ce, “Baƙo, Ikko ta shigo gidana ban kira ta ba. 'Yata ba za ta zauna da yunwa a bikin jikata ba.” Ya nuna wani bunsuru nasa da ke ɗaure, ya ce in taimake shi.

Na kwance buhun. Aka jawo bunsurun, na duba wanda zai riƙe mini, sai na ga Malam Bulus na tattare hannun rigar bikinsa. Amma kafin ya durƙusa aka aiko daga coci cewa ana jiran uban amarya, ya tsaya yana duban nan yana duban can, daga ƙarshe ya tafi. Babban ɗan Asabe ne ya riƙe mini.

Haka aka ɗora tukunya biyu, babba ta sa a tsakar gida, ƙarama ta bunsuru a bayan rumbu. Asabe ta ce tun da ta yi aure ba a taɓa yin haka a gidan ba. An ci an sha, an yi kiɗa da rawa, ba wanda ya zagi wani. Sai dai mu masu ƙaramar tukunya, ni da Asabe da 'ya'yanta da Fulani biyu-uku, mun zauna a tabarmarmu daban, masu rabon abinci na zuwa suna tambaya a hankali, wannan na wane ɓangare ne? Wannan tambayar ta fi yankan san yi mini ciwo. Da aka dawo daga coci Rifkatu ta ratso taro da farar rigarta, ta zo ta durƙusa gabana tana hawaye tana ba ni haƙuri. Ta sa hannu a kwanon goggonta ta ɗauki tsoka ta ci, ta ce ta cika rantsuwarta. Na sa mata albarka.

Yohanna ma ya zo da zan tafi, ya ɗaukar mini buhu har bakin titi. Bai ce ya yi kuskure ba, ni ma ban ce na yi ba. Ya ce yana girmama ni, amma yana nan a kan bakansa. Na ce ni ma haka. Malam Bulus zai ƙara kwanaki a gida, don haka motar haya na hau, sallamarmu kuma ba ta wuce Allah ya kiyaye hanya ba. A shingen nan na iyaka kofur ɗin ya gane ni, ya leƙo ya ce ina malamina, ina kuma soyensa? Na miƙa masa ƙullin soyen da Asabe ta ba ni guzuri. Ya ce na sa ne? Na ce na bunsuru ne, ya ce ai duk nama ne.

Da na dawo na tarar an ce soja sun tsawata wa wakilai, kowa ya koma kujerarsa, an rufe maganar a Ikko. A Sakkwato kam ba a rufe ba. Alhaji Garba ya ji labarin daga bakina, ya tsince abin da yake so ya zubar da saura. Na gaya masa maganar tsohon da alƙali, ya ce wannan tsohon zance ne. Na gaya masa abin da na faɗa a mota, ya ce ai gaskiya na faɗa. Wataƙila gaskiya ce. Amma na lura tun da aka fara gardamar nan duk abin da mutum ya taɓa sai ya zama hujja, har abincin da maƙwabci ya aiko maka, kuma in ya zama hujja ba ya sake ciyuwa kamar da.

Na ji Malam Bulus ya dawo an koma makaranta, amma bai zo rumfata ba, ni ma ban taka Gidan Dahala ba. Matarsa takan aiko a sayi nama, in ƙara mata gyara, shi ke nan. Na fara lissafa Kirsimati a raina, ina tunanin ko bana wani za a kira, ko kuma ba za a kira kowa ba. Abin ya dame ni fiye da yadda na bari aka gani.

Ranar Asabar da ta wuce, da hantsi, Alhaji Garba na zaune a bencina yana ba wasu mutane labarina a gabana, sai na hango 'yar motar nan mai kama da kunkuru ta tsaya. Malam Bulus ya fito da wani jan zakara a hammata. Ba Kirsimati ba, ba Ista ba, ba a yi musu haihuwa ba. Ya yi sallama, ya gaida Alhaji Garba, ya tsaya yana gyara riƙon zakaran kamar wanda ya manta abin da ya kawo shi. Can ya ce maman Rifkatu ce ta ce a dafa a kai wa yarana, ko ina da lokaci?

Na so in ce masa abubuwa da yawa, a kan mota, a kan kotu, a kan tsohonsa. Na ga in na fara za mu koma inda muka fito. Na ɗauko wuƙa na goga ta a dutse, muka zagaya bayan rumfa. Alhaji Garba ya bi mu da kallo, bakinsa a buɗe.

Na ce, “Malam, riƙe mini ƙahwahun.”

Ya tattare hannun rigarsa ya durƙusa.